Kuka a kan kaza: me ake yi wa hawaye, kuma ina iyakarsa?

Duk lokacin da hoton wata Baturiya ya yaɗu a Facebook tana hawaye a kan kazarta da ta mutu, an dasa fure a inda aka binne ta, amsar mutanenmu kusan ɗaya ce: kazar da ake yanka wa baƙo ita ce ake yi wa kuka? Amma wanda ya yi wannan tambayar, in a gidan da ake kiwo ya tashi, ya san yadda tsakar gida ke yin tsit idan annoba ta ratsa akurki a tsakiyar hunturu. Ya ga tsohuwa ta ƙi cin tuwon dare don kajinta goma sha biyu sun ƙare cikin mako guda, ya ga yaro ya ɓuya bayan rumbu yana share ido. Ke nan baƙin cikin ba na Turawa kaɗai ba ne, mu dai ba mu saba furta shi ba. Abin tambaya shi ne: me ake yi wa kukan, me ya halatta a cikinsa, kuma ta ina ya bambanta da tuna uwa ko uba da suka riga mu gidan gaskiya?

Kazar kiwo da kazar sabo

Akwai kaza iri uku a idon mai ita, ko da kuwa jinsinsu ɗaya ne. Akwai ta gona, wadda ake ƙirga ta da ɗari ko dubu, ba a san fuskar ko ɗaya ba. Akwai kazar gida ta Hausa, wadda take asusun mace: da ita ake biyan kuɗin makaranta, a sayi magani, a yi wa mai jego farfesu. Sai kuma wadda za mu kira kazar sabo, wadda aka laƙaba wa suna, take amsa kira, take shigowa ɗaki ta kwanta gefen tabarma. A Ingila da Amurka ta ukun ce ta yi yawa a bayan gidaje. A wurinmu ta biyu da ta uku sukan zama kaza ɗaya, shi ya sa Bahaushe ya ce sabo da kaza ba ya hana yankanta. Mutane kan ɗauki karin maganar nan a matsayin hujjar cewa kaza ba abar damuwa ba ce, alhali farkonsa ya amince cewa sabon yana nan. Akwai kuma bambanci babba tsakanin kazar da aka yanka da sunan Allah don wata buƙata da wadda aka wayi gari aka tarar ta sandare. Ta farko ta yi amfanin da aka kiwata ta dominsa. Ta biyu asara ce, kuma sau da yawa tana barin mai ita da zargin kai.

Dalilin shaƙuwa

Kaza ba ta da wautar da ake jingina mata. Tana gane 'yan'uwanta ɗaya bayan ɗaya, tana gane mai ba ta tsaba. Masu bincike sun rarrabe sautuka sama da 20 a kukan kaji, kuma kukan da zakara ke yi in ya hango shaho a sama daban yake da wanda yake yi in muzuru ne a ƙasa. Wani ɗan ƙasar Norway, Thorleif Schjelderup-Ebbe, shi ya bayyana a farkon shekarun 1920 cewa kowane garken kaji yana da tsarin girma, kowace ta san wadda za ta tsattsaga da wadda za ta kauce wa. A 2011 masu bincike a Jami'ar Bristol suka nuna cewa bugun zuciyar uwar kaza yana ƙaruwa idan ta ga an takura 'yan tsakinta, ko da ita ba a taɓa ta ba. Matan karkara ba su buƙaci jami'a ba kafin su ce kaza mai 'ya'ya ita ke tsoron shirwa.

Sai kuma tsawon zama. Kazar da ta tsira daga cuta da wuƙa takan yi shekara 5 zuwa 8. Wanda ya buɗe akurki kowace asuba tsawon shekara biyar, ranar da babu abin buɗewa sai ya ji giɓin a jikinsa. Sabo ake yi wa kuka.

Abin da ke kashe su

A nan ya kamata a daɗe, domin mafi yawan kukan da ake yi a kan kaji ana iya kauce masa.

Babbar mai kisa ita ce cutar Niyukasil, wadda aka fara ganowa a 1926 a tsibirin Java na Indunusiya da kuma garin Ingila da ta ci sunansa. Ƙwayar cutar bairos ce, tana bin kashi da majinar kaza, tana bin takalmi da kejin 'yan kasuwa. A arewacin Najeriya da kudancin Nijar ta fi tsanani da hunturu. Alamunta: kaza ta takure, fukafukai su zube kamar ta yafa riga, kashi ya zama kore mai ruwa, numfashi da buɗe baki, wasu kuma wuyansu ya murɗe su riƙa juyawa wuri ɗaya. Daga kamuwa zuwa bayyanar alamu yakan ɗauki kwana 5 zuwa 6, wani lokaci har 15, shi ya sa kazar da aka sayo a kasuwa tana kuzari take iya shigo da ita. A garken da ba a yi wa rigakafi ba tana iya share kusan duka.

Ba ta da magani. Kafso ɗin da ake fasawa a kasko, da barkono, da ɓawon maɗaci, babu wanda ke kashe bairos a cikinsu. Kazar da ta tashi bayan an ba ta su, da ma jikinta ne ya yi nasara. Abin da ke aiki rigakafi ne, kuma ba tsada gare shi ba. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda ta samo asali tun 1924, tana sarrafa shi. Akwai nau'in I-2 mai jure zafi, wanda aka tsara don kajin ƙauye: ɗigo ɗaya a ido ɗaya, ga kowace kaza, babba da ɗan tsako, a maimaita duk wata huɗu. Akwai LaSota, wanda aka fi bayarwa a ruwan sha, kuma a nan ake yawan kuskure. Dole kwalbar ta zauna cikin sanyi na digiri 2 zuwa 8 har lokacin amfani, a ɗauko ta cikin fulas da ƙanƙara. A hana kajin ruwa awa ɗaya zuwa biyu don su ji ƙishi. A yi amfani da ruwan rijiya mai tsabta, ba na famfo mai sinadarin kulorin ba, domin kulorin yana kashe rigakafin. A zuba garin madara kimanin giram 2 a kowace lita, a ajiye a inuwa cikin mazubin roba, su shanye cikin awa biyu. Abin da ya rage ba a ajiye shi sai gobe.

Kariya ba ta kankama sai bayan kamar mako biyu. Saboda haka wanda ya jira sai kajin maƙwabci sun fara faɗuwa ya makara, kuma kazar da ta riga ta kamu rigakafi ba ya tashinta. Watan Oktoba, kafin iska ta juya, shi ne lokacin da bai kamata ya wuce ba. Da yake kwalba ɗaya ta kaji masu yawa ce, abin da ya dace gidajen unguwa su haɗa kuɗi a yi rana ɗaya. Hakan ya fi ma amfani, tunda kajin unguwa a juji ɗaya suke tono.

Sauran masu kisan a taƙaice: cutar Gumboro tana kama 'yan tsaki masu mako 3 zuwa 6. Kashin jini yana zuwa ne daga dausayin akurki, kuma shi yana jin magani irin amfuroliyam in an fara da wuri. Ƙurajen da ke fitowa a zanko da gefen ido sauro ke yaɗa su da damina. Ƙuma tana shan jinin kaza mai kwanci har ta bar ƙwai. Zafin Maris zuwa Mayu yana kashe manyan kaji masu ƙiba, domin kaza ba ta gumi, zafin jikinta kuma ya kai digiri 41, sai inuwa da ruwa mai sanyi. Kajin gidan gona da aka ƙirƙira don su yi ƙwai wajen 300 a shekara, idan aka kwatanta da 40 zuwa 60 na kazar Hausa, sukan mutu da ciwon mahaifa ko maƙalewar ƙwai tun ba su tsufa ba.

Murar tsuntsaye kuwa a ware take. A watan Fabrairun 2006 aka tabbatar da nau'in H5N1 a Jihar Kaduna, karo na farko a kajin Afirka, a watan kuma aka same ta a Magarya ta Nijar. A farkon 2007 ta kashe wata mata a Legas. Idan kaji da yawa suka mutu farat ɗaya, zanko ya yi shuɗi, fuska ta kumbura, ƙafafu suka yi ja kamar an ƙona, kada a taɓa su da hannu. A sanar da ofishin likitan dabbobi.

Ranar da ta mutu

Al'adar a yi maza a yanka kafin ta cika tana da dalilinta, don mushe haramun ne, talaka kuma ba ya son asara biyu. Amma halaccin yanka bai mayar da nama mai cuta lafiyayye ba. Figa da feɗe kaza mai murar tsuntsaye na daga manyan hanyoyin da mutane ke kamuwa, kuma mata da yara ne ke wannan aikin. Ko Niyukasil ce, ruwan wankin naman da kayan cikin da aka watsar su ne ke kai cutar gidan gaba. Kai marasa lafiya kasuwa a karyar da su kuwa cutar da wani ne kai tsaye.

Gawar ba a jefa ta a bola ko kwata, inda kare da angulu za su ja ta. A sa leda a hannu, a haƙa rami mai zurfin mita ɗaya ko fiye, nesa da rijiya da aƙalla mita 30, a zuba toka ko farar ƙasa a kai, a rufe a danne da dutse. Ƙonewa ma ya yi, in za a ƙone ƙurmus. A kwashe shimfiɗar akurki a ƙone, a wanke da sabulu da bilic, a bar shi fayau mako biyu zuwa uku. Sabuwar kaza, ta saye ce ko ta kyauta, a killace ta daban na mako biyu zuwa uku kafin ta haɗu da sauran.

Waɗanda suka tsira za su yi 'yan kwanaki suna faɗa har a sake tsarin girma, ƙwai ma yakan ragu. Kaza ɗaya tilo ba ta jin daɗin zama, gara a sama mata abokiya bayan killacewa. Idan uwa ce ta mutu ta bar 'yan tsaki, sanyi ne zai fara kashe su kafin yunwa. Suna buƙatar ɗumi na digiri 32 zuwa 35 a makon farko, ana ragewa kamar digiri 3 kowane mako. Kwali da fitila ko kwalbar ruwan ɗumi da aka naɗe da tsumma sun wadatar. In sun cunkushe wuri ɗaya suna ta kuka, sanyi suke ji, in sun watse gefe suna haki, zafi ya yi yawa. Mazubin ruwansu ya zama marar zurfi, a sa tsakuwa a ciki don kada su nutse.

Yaron da kazarsa ce ta mutu, a faɗa masa gaskiya. Cewa ta gudu ko ta yi barci yana sa shi jira, ƙaramin yaro kuma da ma bai gama fahimtar cewa mutuwa ba a dawowa daga gare ta ba. A bar shi ya tsaya a ga an binne, ba tare da ya taɓa ba. Kada a yi masa dariya. Ga yara da yawa wannan ce mutuwa ta farko da suka sani, kuma yadda manya suka karɓe ta shi za su ɗauka zuwa ranar babban rashi.

Yadda ake yi a Turai da wasu wurare

Binne dabba da alama ba sabon abu ba ne. Misirawan dā sun naɗe gawar kyanwa kamar ta mutum. A Landan an fara maƙabartar dabbobi a Hyde Park a 1881, a Hartsdale ta jihar New York a 1896, a Asnières kusa da Faris a 1899. A Meziko, lokacin bikin tuna matattu na 1 da 2 ga Nuwamba, gidaje da dama suna sa hoton kare ko kyanwa kusa da na kakanni.

Game da kaji, wata ƙungiya a Birtaniya mai suna British Hen Welfare Trust, wadda aka kafa a 2005, tana karɓar kajin ƙwai da gonaki suka gama da su, masu kimanin wata 18, ta raba wa masu son riƙo. A 2024 ta cika kaza miliyan ɗaya, kuma Sarki Charles ne ya karɓi ta cikon. Irin waɗannan kajin jikinsu ya riga ya gaji, da yawa ba sa wuce shekara ɗaya ko biyu a sabon gida. Shi ya sa labarin mutuwar kaza ya yi yawa a bakin masu riƙonsu.

A fahimci kuma halin da mai kukan ke ciki. Tsohuwar da ke zaune ita kaɗai, 'ya'ya sun yi nisa, maƙwabci bai san sunanta ba, kajin nan su ne masu jiranta da safe. Wani masani Ba'amurke, Kenneth Doka, ya yi bayani a 1989 a kan baƙin cikin da jama'a ba su amince da shi ba, wanda mai shi ke ɓoyewa don kada a raina shi, kuma ɓoyewar ke ƙara masa nauyi. Inda abin ya wuce gona da iri shi ne inda kasuwa ta shigo: akwatin gawa mai tsada, ƙona gawa a zuba tokar a sarƙar wuya. Wannan ba abin koyi ba ne gare mu. Amma jin zafin kansa ba abin izgili ba ne.

Abin da addini ya ce

Anas ɗan Malik yana da ƙane ƙarami da ake kira Abu Umair, mai wani ɗan tsuntsu da yake wasa da shi. Tsuntsun ya mutu, yaron ya shiga damuwa. Manzon Allah (SAW) ya lura, ya tambayi dalili, sannan ya riƙa ce masa: ya Abu Umair, me ɗan tsuntsu ya yi? Asalin hadisin yana cikin Buhari da Muslim. Bai tsawata masa ba, bai ce tsuntsu ne kawai ba. Malamai sun ciro hukunce-hukunce da yawa daga wannan ɗan labari, ciki har da halaccin riƙe tsuntsu in za a kula da shi.

Aya ta 38 a Suratul An'am ta ce dabbobin ƙasa da tsuntsaye al'ummomi ne kamarmu, kuma ga Ubangijinsu za a tattara su. Hadisi ya zo a kan matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha, da wanda aka gafarta wa don ya shayar da kare. Abin lura a nan: duk nassoshin a kan haƙƙin dabba tana raye suke magana. Bayan ta mutu babu wanka, babu likkafani, babu salla, babu zaman makoki, ba a kuma kai ta maƙabartar Musulmi. Ba ta da zunubin da za a nema mata gafara. Binne ta tsabta ce da kare lafiyar jama'a. Mai ita kuwa yana da damar yin istirja'i, wato ya ce inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, ya roƙi Allah Ya mayar masa da mafi alheri, kamar kowace asara. Wanda ya bar kajinsa cikin ƙishi da ƙuma, shi ne ke da abin tuba, ko ya yi kuka ko bai yi ba.

Tuna ɗan'uwa daban yake

Bambancin ba a yawan hawaye yake ba. Manzon Allah (SAW) ya zubar da hawaye a rasuwar ɗansa Ibrahim, ya ce ido na zubar da hawaye, zuciya na baƙin ciki, amma ba ma faɗin sai abin da Ubangiji Ya yarda da shi. Bambancin shi ne mamaci yana amfana da abin da masu rai suka yi masa. Hadisin Muslim ya ambaci abu uku da ba sa yankewa: sadaka mai gudana, ilimi mai amfani, da ɗa nagari mai addu'a. Saboda haka tuna mahaifi aiki ne: a biya masa bashi tun kafin rabon gado, a cika wasiyyarsa, a haƙa rijiya ko a dasa itace da niyyarsa, a ziyarci abokansa. Manzon Allah kan yanka akuya ya aika wa ƙawayen Nana Khadija shekaru bayan rasuwarta.

Makoki kwana uku ne, sai matar mamaci da ke takaba wata huɗu da kwana goma. Sadakar uku da bakwai da arba'in kuwa an daɗe ana saɓani a kanta. Malaman Izala suna ganin ƙayyade ranakun bidi'a ce da ke ɗora wa marayu nauyi, malaman ɗariƙu da dama suna ganin taro ne na addu'a da sadaka wanda asalinsa halal ne. Abin da ɓangarorin biyu ba su musu a kai ba shi ne addu'a da sadaka suna isa ga mamaci, kuma cin bashi don a burge jama'a ba ya cikin lada. Hausawa Kiristoci su ma suna da sujadar tunawa da godiya bayan rasuwa.

Hanyar tunawa da ta fi kowace daɗewa a ƙasar Hausa ita ce mayar da suna. Abba, Ummi, Baffa, Uwani, Babangida, yawanci laƙabi ne da ake sakaya sunan iyaye ko kakanni da shi saboda kunya, sai sunan ya ci gaba da yawo a tsakar gida.

Idan baƙin cikin rashin mutum ya wuce wata shida yana hana ci da barci da aiki, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan cikin jerin lalurorin da ke buƙatar kulawa. A nan "sai haƙuri" kaɗai ba ta isa ba, a haɗa da ganin likita.

Kajin marigayiya

Akwai wurin da zancen biyu ke haɗuwa, kuma shi ne ya fi bayyana kukan da ake gani ya fi ƙarfin kaza. A gidaje da yawa kaka ce ke ba jika sagara, ko uwa ta sa wa 'yarta kaza biyu cikin kayan tarewa. Kazar ta yi kwanci kwana 21 ta ƙyanƙyashe, 'ya'yanta su yi nasu, shekara goma ana cewa irin kajin Inna ne. Ranar da annoba ta share su, matar da ke kuka ba kuɗin kaza kaɗai take yi wa ba. Wanda ya ce mata don kaza kike wannan, bai san abin da ya taka ba.

Abu biyu ke biyo baya a aikace. Na farko, kajin da mace ta rasu ta bari dukiya ce ta magada, komai ƙanƙantarta. Kama su a yanka wa 'yan zaman makoki ba tare da izinin magada ba kuskure ne, in akwai marayu ƙanana a ciki kuwa abin ya fi nauyi. Sunna ma ita ce maƙwabta su kawo wa gidan rasuwa abinci, kamar yadda Manzon Allah (SAW) ya umarta a yi wa iyalan Ja'afar ɗan Abu Ɗalib da ya yi shahada. A ƙirga kajin tare da sauran kaya, a kuma wakilta wanda zai ba su ruwa da tsaba, domin a kwanakin makoki akan manta da akurki a rufe har wasu su mutu da ƙishi.

Na biyu, mai son irin ya ɗore kada ya tara shi a gida ɗaya. A raba sagaru ko ƙwan kwanci ga 'yan'uwa biyu ko uku a unguwanni ko garuruwa daban, kowa ya yi rigakafinsa duk wata huɗu. Ƙwan da za a kai wani gida kada ya wuce mako guda da yi, a ajiye shi a inuwa ba a wanke ba, a sa wa kaza mai kwanci guda 8 zuwa 12 gwargwadon girmanta. In hunturu ya cinye na gida ɗaya, akwai inda za a je a karɓo iri.